Yadda Kawu Yake Zaɓen Mutanen Rijiya

Rasuwar Kawu ta faɗo ranar kasuwar Filinge, shi ya sa kafin azahar labarin ya kai inda waya ba ta kaiwa. Masu jakuna suka koma da shi ƙauyuka, direbobin motocin Yamai suka yi ta sauke shi zango-zango. Ni a Yamai ya same ni, ina tsaye kan wani bene da muke zuba wa kankare. Ko da na iso, an riga an kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sanyaya masa kabari yadda ya sanyaya maƙogwaron mutane da dabbobi a ƙasar Kurfai.

Inna, ƙanwarsa da ta haife ni, ba ta yi kuka gaban mutane ba. Da na durƙusa gabanta sai ta ce, "Ɗakinmu ya ƙare, saura ni ɗai." 

Kwana uku ƙofar gida ba ta huta ba. Fulani makiyaya suka zo daga wajen Sanam, Buzaye daga Bonkuku, Zabarmawa suna shigowa da "fonda tilas", gaisuwarsu ta mutuwa. Yawancinsu ban san su ba. Kowa sai ya faɗi sunan garinsu, sannan ya ce Kawu ne ya haƙa musu rijiya, ko shi ya yashe ta bayan ta mutu.

A rana ta biyu gardama ta tashi a zaure, tsakanin mutanen da suka yi aiki ƙarƙashinsa. Wani tsoho da haƙoransa suka zube ya ce, "Mutumen nan soja ne, kaki kawai ya rasa. In yab busa usur, ko hura na bakinka sai ka aje luddai."

Wani da bai kai shi shekaru ba ya juyo. "Wane usur, Baba? Shekara goma sha biyar ina bin shi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Kai dai wani kaka magana."

Tsohon ya ji haushi, har liman ya sa baki. Sai duk suka dube ni, don sun san ni kaɗai ne a wurin na ci zamanin biyu. Na ce musu dukansu gaskiya suka faɗa. Ban iya ƙarawa ba, don sauran bayanin ya ratsa ta kan abin da ban so in faɗa a zaure ba. Shi ne nake rubutawa yanzu, kafin masu usur da marasa usur su ƙare, a rasa mai haɗa Kawunsu ya zama mutum guda.

Na shiga aikinsa zamanin soja, ina da mata da ɗiya ɗaya, bayan gonata ta ƙi shekara biyu a jere. Lokacin gwamnati ta sa gaba a haƙa sababbin rijiyoyi, kuma ofishin ruwa ya ba Kawu kwangila. Aikin ba ya son tunani. Injiniya ya zo ya kafa turke, ya bar takarda. Faɗin baki ɗaya ne ko'ina, zoben siminti iri ɗaya ne, abin da ake so kawai a kai ga ruwa kafin damina ta rufe hanya, a tashi zuwa gari na gaba.

Yadda yake ɗaukar mutane a lokacin kowa ya sani. Ranar kasuwa zai tsaya bakin tasha da buhun siminti ɗaya a ƙasa. Mai son aiki ya ɗauka ya kai gindin tsamiyar da ke can gaba, ya dawo da shi ba tare da ya sauke ba. Ba ya tambayar ɗan wane ne kai. Ni ma, ɗan ƙanwarsa, sai da na ɗauki buhun, Inna na jin labari tana faɗa. Biya kuwa bisa zurfi ne: ƙungiyar da ta fi nutsawa ƙasa ita ta fi samu. Da usur ake tashi, da usur ake cin tuwo. Na ga ya sallami ƙato guda don ya makara sau biyu, mutumin yana roƙo, Kawu yana duban wani wuri.

"Wanga aiki ƙahwa shika so," haka yake cewa. "Mai tunani shi tahi lakwal," wato makaranta.

Amma ko a zamanin usur akwai abin da ido ke gani. Akwai wani mutum mai ƙarfi kamar ingarma, da aka zura shi rijiya karo na farko sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya yi ta kiran a fid da shi. Muka yi masa dariya, muka ce yau kam ya koma gida. Kawu ya dube shi ya daɗe, sannan ya ɗora masa igiya a hannu, ya ce daga yau shi ke riƙon mai sauka. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Wanda yas san tsoron rami ba shi wasa da igiyar wani." Mutumin nan bai taɓa sakin igiya ya sosa ko kunne ba.

Wata ɗabi'arsa kuma, duk rijiyar da ta kawo ruwa ba ya fara sha. Sai a nemo tsohuwar da ta fi kowa daɗewa tana zuwa ɗibar ruwa nesa, a ba ta ƙwaryar farko. Yana tsaye yana kallon maƙogwaronta har ta sauke. Daga nan sai ya busa usur a kwashe kaya.

Ni na dace da wannan zamani kamar an yanka mini shi. Ina da ƙashi, ina da zafin nama, ba na son jira. Cikin shekara uku ya naɗa ni shef, wato babban ma'aikata, mai raba aiki. Ƙungiyata ba ta taɓa zama ta biyu ba. In mun shigo Filinge bayan kwangila, har tafiyata daban take.

Da mulki ya koma hannun farar hula, kwangilar ta tsaya. Ba wanda ya zo ya ce mana an daina, takarda ce kawai ta daina zuwa. Muka yi rani guda muna zaune. Kawu bai zauna ba. Ya hau jakinsa ya bi rijiyoyin da muka haƙa, da waɗanda kakanni suka haƙa tun ba a san siminti ba. Ya yi wata biyu. Ya dawo baƙi ƙirin, ya rame, ya tara mu gindin gawon bayan gidansa.

Ya ce, "Aikin da kunka sani ya mutu. Ba mai sake ba mu sabuwar rijiya. Amma tsohhi na nan, rairai ya cike su, zobba sun tsattsage. Masu su talakawa ne, da hatsi za su biya, da awaki. Injiniya ba shi zuwa. Wanda za ya hwaɗa muna abin da ke cikin rami, tsohon gari ne, in ya yarda da mu. In munka ɓata rijiya guda, labari ya riga mu kai gari na gaba."

Sannan ya ce ba zai iya riƙe mu duka ba, kuma ba mu duka ne wannan aiki yake so ba.

Yawancin ƙartin nan ya sallame su, amma ba irin sallamar da ba. Ya bi su ɗaya-ɗaya. Wani ya haɗa shi da magini a Yamai, biyu ya kai su ga sarkin tasha suna lodi, wani ya bar masa diga da felu, wato shebur, ya ce ya je ya riƙa haƙa wa mutane salga. Usur ɗin ya aika wa malamin lakwal, ya ce yara su yi ƙwallo da shi. Biya bisa zurfi ya soke. Ya ce daga yanzu abin da aka samu a rani a raba daidai, mai sauka da mai igiya da mai dafa abinci, don a tsohuwar rijiya wanda aka biya don ya yi sauri an biya shi ya mutu.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne mutumin Bonkuku.

Mutum ne da ya girme ni, siriri, yana ɗingishi. Na tuna shi sarai. Shekarun baya ya zo tasha ya ɗauki buhun siminti, bai kai rabin hanya ba ya faɗi da shi, muka yi shewa. Shi Kawu ya je har gida ya ɗauko, ya ce shi ne sabon shef. Ni in ci gaba da sauka rami, a ƙarƙashinsa.

Na sami Kawu a zaure bayan la'asar. Na ce, "Kawu, mi na yi maka?"

"Ba ka yi komi ba."

"Shekara nawa ina gaba? Wane rami nab bari? Ka ɗauko wanda buhu yak kayar ka ɗora bisa kaina."

Ya ce, "Zauna." Ban zauna ba. Ya ce, "Buhu nika nema lokacin, shi ya sa ban ɗauke shi ba. Yanzu kunne nika nema. Shina jin Buzanci, shina jin Hillanci da Zabarmanci. Ubanai maginin rijiya ne tun ana ɗaure ta da itace. In ya zauna gaban tsoho, tsoho na buɗe mashi ciki. Kai in ka zauna gaban tsoho, ƙahwarka rawa taka yi."

"To ni ban da amfani ke nan."

"Ba wanda yak kai ka cikin rami duk Kurfai. Amma riƙon mutane yau ba naka ba ne. Wata rana shi zama naka."

Na ce masa ya ci amanar zumunci. Na faɗi abin da ya fi wannan ma. Bai rama ba. Inna ta ji, ta kira ni ta ce ko ubana bai taɓa yi wa wanta irin wannan magana ba. Na zauna a aikin, amma da ƙulli a ciki.

A bazarar shekara ta biyu aka kira mu wata tsohuwar rijiyar makiyaya gabas da Sanam. Zurfinta ya wuce duk wadda na taɓa shiga, ruwanta ya ja baya, shanu suna tsaye kewaye da ita tun safe suna kuka. Kawu ya tsaya Filinge, ƙafa na damunsa. Mutumin Bonkuku ya sa muka kafa itace, muka ɗaura igiya, ya zura fitila ya ga iska na da kyau. Sannan ya ce kada kowa ya sauka. Ya tafi rugar da ke kusa ya zauna shan shayi da tsofaffi. Wuni guda. Washegari ya sake komawa.

Ina zaune ina kallon shanun nan, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Wata mata ta zo ta tsaya da tulu, ta koma. Na ce wa mutum biyu da muka yi zamanin usur tare, "Mu za mu zauna dabbobi na mutuwa, shi yana shayi?" Mai igiyar nan matsoraci ya ƙi, ya ce shef bai ba da izini ba. Na karɓe igiyar daga hannunsa na ba su. Da rana tsaka na sauka.

Na fara yasa, guga na hawa cike da laka, raina ya yi fari. Na shiga ƙwaƙule ƙarƙashin zoben ƙarshe don ruwa ya samu hanya. Sai na ji ƙasa ta yi wani numfashi. Rairayi ya ɓalle daga bayan zoben kamar an kwance bakin buhu. Kafin in kama igiya ya kai mini gwiwa, ya kai ƙugu, ya tsaya a ƙirji. Zoben ya karkace bisa kaina. In na ja numfashi, sai rairayin ya ƙara matse ni. Na ɗaga kai, bakin rijiya ya zama kamar kwabo.

Suka ja igiya, na ji kamar za a raba ni biyu, na yi ihu suka bari. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Sai na ga ƙafa biyu na saukowa, ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Mutumin Bonkuku ne, matsoracin nan ke riƙe da igiyarsa. Bai zo da felu ba, ƙoƙo ya riƙo da guntayen itace. Ya tokare zoben, ya shiga kwasar rairayi ƙoƙo-ƙoƙo, yana tsayawa yana sa kunne jikin bango, yana ci gaba. Magana ɗaya ya yi mini: "Kada ka taimake ni. Tsaya kawai." Sai bayan la'asar aka fid da ni.

Rijiyar ta rufta a ƙasa, ba ta sake ba da ruwa ba a wannan shekara. Makiyayan suka kora dabbobinsu kudu cikin zafin nan, waɗansu shanun ba su kai ba. Daga baya na ji abin da ya zaunar da mutumin Bonkuku a ruga. Akwai wani tsoho makaho da ubansa ya haƙa rijiyar, shi kaɗai ya san cewa a ƙasanta akwai rairayi mai gudu, kuma ta gefen arewa kaɗai ake taɓa ta. Tsohon ba ya magana da baƙo a ranar farko. A daidai lokacin da nake sauka yake faɗa masa.

Kawu ya zo a bayan motar kasuwa da ƙafarsa a kumbure. Ya fara zuwa ruga ya durƙusa gaban mutanen, ya ɗauki alkawarin gyara ta bayan damina ba tare da sun ba da ko akuya ba. Sannan ya zo inda nake kwance ƙarƙashin bagaruwa. Na shirya wa faɗa. Da ya yi faɗan, da na samu sauƙi.

Ya zauna ƙasa kusa da ni ya ce, "Rabin laihin nawa ne. Shekara goma ina koya maka sauri, ina biyanka don shi. Ban zauna ko wuni guda na koya maka jira ba, nac ce kai nawa ne, za ka gane." Sannan ya ce, "Ba ni korarka. Amma ba ka sake sauka sai ka yi shekara guda bisa igiya. Yanzu ka san tsoron rami."

Ni da na yi shef, in koma riƙon igiya gaban mutanen da suka ga an zaro ni kamar ɗan akuya. Na ce masa na gode. Da na iya tafiya, na kwashi iyalina na shiga motar Yamai.

Shekara goma sha huɗu na yi. Na fara da ɗaukar bulo, na zama magini, har kamfanin da nake ciki ya ba ni ɗaukar ma'aikata. Abin da ban faɗa wa kowa ba, duk ranar da aka ce in nemo mutane, sai na ji bakina na tambayar mai kamfani: wane irin gini ne, na sauri ne ko na daɗewa, wa zai zauna ciki? Sai na ji amsa nake sanin wanda zan kira. Suna cewa ina da basira.

Ina zuwa gida da salla. In gaishe shi, ya amsa, ya tambayi yara, in tashi. Zuwana na ƙarshe idonsa ya riga ya tafi. Ya riƙe hannuna yana shafa tafin da babban yatsansa, ya ce, "Hannun ya yi laushi. Mutane kaka riƙo yanzu?"

Na ce, "E, Kawu."

"Kana zama ka ji su?"

"Ina ƙoƙari."

Ya gyaɗa kai, bai saki hannun ba. Maganar neman gafara tana bakina, kalma uku ce ko huɗu. Sai direba ya yi oda a waje, na ce masa sai na dawo da babbar salla. Ya ce Allah ya kai mu. Ashe wata biyu ya rage masa a duniya.

Ranar sadakar bakwai, da mutane suka watse, mutumin Bonkuku ya zo ya zauna gefena a dakalin ƙofar gida. Ya tsufa, gemunsa fari fat, shi ke riƙe da ƙungiyar tun da Kawu ya kwanta. Tun Sanam ba mu taɓa haɗa ido sosai ba. Na fara yi masa godiyar da ta makara, ya ɗaga hannu ya tsai da ni.

Ya ce, "Akwai abin da ya kamata ka sani. Kowace shekara in kaka ta wuce, Maigida na tara mu shi raba aiki. Wane rami, wane girki, wane igiya ta ɗaya. In anka zo igiya ta biyu sai shi ce, wane, riƙe ta aro bana, mai ita na tahe. Mutum shida sunka riƙe ta aro. Har bara, da ba shi gani, haka yac ce."

Na dubi ƙasa. Na daɗe ban ɗago ba, shi kuma bai matsa mini ba, ya iya wannan.

Sannan na tambaye shi ko suna da aiki a gaba. Ya ce akwai wata rijiya yamma da Bonkuku, bayan arba'in. Na ce ina iya neman hutu a kamfani. Na ce, in bai ƙi ba, zan riƙe igiyar.

Ya kama hannuna ya juya shi, ya duba ciki da baya.

"Za ta yanke ka," ya ce. "Kwana ukun hwarko kuma ba igiya, ruga za mu zauna."

Na ce na ji.

Allah ya gafarta wa Kawu abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya shayar da shi daga tafkin da ba ya ƙafewa. Abin da ban faɗa masa ba, Allah ya isar masa.